Dogon Ja a Taken Osla

Duk wanda ya koyi goge a tsibirinmu, can ƙarshen arewacin Scotland inda ruwa ya fi ƙasa yawa, akwai take ɗaya da sai ya yi kokawa da shi kafin ya iya. Taken Osla muke ce masa. Farkonsa ba wuya, tafiya ce irin ta mutum mai natsuwa, ƙafa na bin ƙafa. Amma da an shiga gaɓa ta biyu sai yatsa ya tsaya cak a kan tsirkiya ɗaya, sandar goge ta yi ta ja, ta yi ta ja, har mai sauraro ya soma tunanin ko makaɗin ya manta abin da ke gaba. A tsakiyar wannan dogon jan kuma akwai wani ɗan tuntuɓe, kamar murya ta sarƙe ta sake kamawa. Baƙi in sun ji sukan ɗauka kuskure ne. Mu kuwa mun san masu su. Jan na Ertie Inkster ne. Tuntuɓen, bari sai mun iso wurin.

An haifi Ertie a gidan dutsen nan na saman gaɓa, wanda yanzu tumaki ke fakewa a ciki in iska ta taso. Ubansa Tirval masunci ne kamar kowa, da 'yar gonarsa ta dankali da sha'ir, da saniya guda. Abin da ya bambanta shi da sauran maza shi ne taken hanya. Goge dai kusan kowane gida akwai shi rataye a bango, kowa yana ɗan gurzawa in hunturu ya kulle mutane a ɗaka. Amma ranar aure, in za a taka daga ƙofar amarya zuwa coci a dawo, mutum ɗaya ne ke shiga gaba, kuma take ɗaya yake kaɗawa. Ana tafiya ta hanyar tudu, a dawo ta duwatsun tsallake na rafi, don ba a maimaita hanya ranar aure. Dokar makaɗin biyu ce: kiɗa ba ya yankewa muddin ana tafiya, kuma ba ya waiwaye. Tsofaffi sun ce mutanen ɓoye na cikin tuddai suna da kwaɗayin amare, kiɗan ne ke tsare hanya, balle a bakin ruwa. Limamin coci ya sha yin wa'azi a kan wannan magana. Akan saurare shi da ladabi, a ci gaba da yi. Ranar auren 'yarsa ma da goge aka raka ta, bai hana ba.

Kowa ya san taken a ka, har mata kan rera shi wajen tatsar nono. Amma ba mai sa shi a goge sai wanda aka bai wa. Bayarwar kuwa ita ce mai take ya ɗora sandarsa a tafin hannunka, ya rufe maka yatsu a kai. Daga ranar shi ya fita, kai ka shiga, ba a ara kuma ba a mayarwa. Tirval ya yi wa Ertie haka wata bazara, ya ce kafaɗarsa ta gaji. Kafin kaka teku ya tafi da shi da sauran mutanen jirginsu. Ertie ya rage da uwarsa, da saniyar, da sandar da ubansa ya taɓa rufe masa yatsu a kai.

Dogo ne, mai manyan kunnuwa, maganarsa ba yawa. Kullum da gutsuren ƙaro a aljihun rigarsa don shafa wa sanda, har ƙamshinsa ya zama nasa. Yadda aka yi ya iya buɗe baki ya nemi Osla Mouat, har yau ba wanda ya sani. Ita gajera ce, bakinta ya fi ƙafarta sauri, ƙafar kuma ba ta zama. In ka hango mace da kwandon gawayin fadama a baya, saƙa a hannu, tana tafiya tana yi wa wani tsiya daga nesa, to ita ce. Wasu sun ce ita ta neme shi. Da aka tambaye ta sai ta ce, "To da wa zai yi? Jira zan yi har in tsufa?"

Aka sa rana a hunturun da ya biyo bayan rasuwar Tirval. Nan ne maganar wanda zai kaɗa wa aurensa ta taso, don ba a taɓa samun makaɗin hanya da bai yi aure ba tukuna. Uwarsa ta ce ya ba wani taken. Ya ce wa? Ta lissafa masa mutane. Ya ƙi kowa a cikinsu. Ƙasa ba ta rufe ubansa ba balle ya je kabari, sandar nan ce kawai a hannunsa.

Zuwa coci ba matsala, don dama amarya da abokin ango take tafiya a zuwa. Abokin angon kuwa Seemon Halcrow ne, maƙwabcinsa, wanda suke jirgi ɗaya tun suna samari, mutum mai faɗin kafaɗa da faɗin baki. A dawowa ne ango ke kama hannun matarsa. Da aka fito ƙofar coci, mai bindiga ya harba sama, mutane suka jeru bibbiyu, sai Ertie ya tsaya yana duban Osla yana duban gogen.

"Osla," ya ce, "hanyar ba ta da tsawo."

"Na sani. Ni ma a tsibirin nan aka haife ni."

"Seemon zai riƙe ki."

Ta dubi Seemon sama da ƙasa. "Da an gaya min tun farko, ai da shi na aura kowa ya huta."

"Ni ban ƙi ba," in ji Seemon. "Limamin bai yi nisa ba, ga shi can yana neman hularsa."

Aka yi dariya, ita ma ta yi. Ertie ya sa goge a ƙirji ya shiga gaba.

Duwatsun rafin ƙafarsa ta san su kamar dakalin gidansu, ya tsallake yana kiɗa bai ko duba ƙasa ba. Yana taka tsakuwar ɗaya gaɓar sai ya ji ƙara a bayansa, ya ji facal, mata suka yi salati irin namu. Babban dutsen tsakiya yana da gansakuka, Seemon kuma yana can yana ba wani amsa, hannunsa ya yi sako-sako. Ertie bai ga komai ba. Ba dama ya tsaya, ba dama ya juya. Yatsansa ya daskare a inda yake, sanda ta ci gaba da ja ita kaɗai, ta kai ƙarshe, wuyan hannunsa ya juyo da ita ba tare da sautin ya karye ba, duk jikinsa ya koma kunne. Yana nan a kan wannan sauti ɗaya har ya ji muryarta.

"Seemon Halcrow, Allah ya sa kada a taɓa ba ka ajiyar ƙwai!"

Sannan yatsan ya saki, taken ya ci gaba. Ta iso gida da rigar aure jiƙe har gwiwa, takalmi ɗaya a hannu.

Tun daga ranar, duk auren da ya raka, in ya iso wannan gaɓa ta taken sai hannunsa ya tsaya. Ba da niyya ba. Ko a kan tudu yake, ko a busasshiyar hanya, sai ya ja, ya saurara, sannan ya wuce. Waɗanda aka haifa daga baya sun taso sun ɗauka haka taken yake tun kakanni. Osla kuwa in ta ji takan ce wa ta kusa da ita, "Ga ni nan zan faɗi. Kin ji? To, na faɗi. Yanzu na tashi."

Shekaru suka yi ta tafiya yadda suke tafiya a wurinmu: bazara teku, kaka dankali, hunturu aure. Allah bai ba Ertie da Osla haihuwa mai tsayawa ba. Da ƙanwar Osla ta rasu ta bar jaririya, uban kuma yana jiragen fatake ba a san ranar dawowarsa ba, sai suka ɗauko yarinyar, Mirren, ta tashi tana ce musu Inna da Baba. Ertie ya raka auren kusan duk wanda ke numfashi a tsibirin, ya raka na 'ya'yansu. In an dawo gida aka share rumbu, wanda a wurinmu babban ɗaki ne, don rawa, shi ne dai a kan akwati a lungu, ƙafa biyu na dukan ƙasa, ido a lumshe. Osla takan yi rawa da duk wanda ya miƙo hannu, yawanci Seemon, wanda bai daina ce mata "amaryarmu" ba ko bayan ya yi nasa auren, ko bayan matarsa ta rasu.

"Ni na kawo maka ita gida fa," yakan ce wa Ertie a cikin jirgi. "Ko godiya."

"A jiƙe ka kawo ta."

"A jiƙe ko a bushe, ai ta iso."

Osla ba ta taɓa yin ƙorafi ba, in ka cire tsiya, wadda ita a wurinta kamar gaisuwa ce. Shi ya sa Ertie ya ɗauka maganar ta wuce tun ranar da rigar ta bushe.

Furfura ta cika musu kai lokacin da Mirren ta samu miji, wani yaron kirki daga kudancin tsibirin. A kakar shekarar ne ma'aikatan hanya suka kafa turaku a bakin rafi, aka ce da bazara za a ɗora gada, a fasa duwatsun a yi cikon gindinta da su. A kakar ne kuma Osla ta soma saƙa wani farin mayafi da zaren da ya fi gashin kai siranta, irin wanda ake cirowa daga wuyan tunkiya. Ertie ya ɗauka na amarya ne.

Wata ranar Lahadi da rana, suna shan shayi da gurasar sha'ir, Mirren ta ajiye kofinta.

"Baba, Inna, ku nake so ku zama ma'auratan gaba."

Ma'auratan gaba su ne miji da mata da suka daɗe tare, waɗanda ke bin bayan makaɗi hannu cikin hannu, amarya da ango su taka sawunsu. Ba a ba kowa wannan sai wanda ake so a yi zama irin nasa. Osla ba ta ɗago daga saƙarta ba, amma alluranta sun tsaya.

Ertie ya goge gashin bakinsa. "To ai ni ina gaba da goge, 'yata."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na faɗa da wuri."

Ya yi ɗan tunani, fuskarsa ta washe kamar wanda ya warware igiyar da ta harɗe. "Ba wuya. Seemon ya riƙe Innarki. Ai ya saba."

Ba wanda ya yi dariya. Mirren ta ce a hankali, "Miji da mata ake so, Baba. Na juna."

Osla ta naɗe mayafin da alluran a ciki, ta tashi da 'yar dafa gwiwa, ta buɗe akwatin da ke gindin gado ta sa, ta rufe. Ta ce, "Shayinku zai huce." Ta fita wajen kaji.

Sai a lokacin Ertie ya tuna mayafin Mirren an gama shi tun bara, yana ninke a cikin wannan akwatin.

Ya kwana biyu yana zagaye maganar. Rana ta uku da hantsi ya same ta a bayan gida tana tsinkar ganyen kabeji, iska na kaɗa mata ɗankwali.

"Kin ajiye saƙar."

"Na ajiye."

"Ba ta ƙare ba."

"Ba gaggawa. Wata rana za a lulluɓe ni da shi, ranar ba mai duba ko gefen ya cika."

"Haba, Osla."

Ta miƙe, hannu a ƙugu. Ba fushi a muryarta, abin da ya fi damunsa ke nan. "Ertie, na taɓa ce maka ka ajiye gogen nan? Ko sau ɗaya? Na ubanka ne, na sani. Amma duk tsibirin nan ba macen da ta san ƙeyar mijinta kamar ni. Na san shekarar da furfura ta fara fito maka a nan baya, kai ba ka sani ba. Na san yadda kunnenka na hagu yake ja in sanyi ya kama shi. Auren mutane nawa na bi ina kallon wannan ƙeyar?" Ta sunkuya ta ci gaba da tsinka. "Da bazara za su fasa duwatsun. Gwiwoyin nan ma ba na jin za su jira bazarar. Da na ce ko sau ɗaya in ga yadda rafin yake in mutum yana da hannun da ya dace. Shi ke nan. Riƙe min kwandon."

Ya riƙe kwandon. Ya daɗe riƙe da shi bayan ta gama.

Da la'asar ya ɗauki goge a hammata ya gangara gaɓa, inda Seemon ke shafa wa cikin jirginsa kwalta.

"Wa ya mutu?" in ji Seemon, ganin gogen.

"Goge hannunka."

"Don me?"

"Goge dai, tsohon banza."

Seemon ya dubi sandar, ya dubi fuskar abokinsa, murmushin ya sauka daga bakinsa. "Kai, Ertie. Ni? Ka taɓa jin kiɗana kuwa? Marigayiya cewa take in na ɗauki goge kyanwa kan fita ta bar mana gidan."

"Na ji. Duk tsibirin an ji."

"To ga samari nan."

"Samarin suna kan jirage, sai bayan biki za su dawo. Kuma kai ka tsaya a wurina ranar nan. Yanzu ka tsaya a ɗaya wurin, ni in koma nawa."

Seemon ya goge tafinsa a wando, ya sake gogewa. Kwaltar ba ta fita duka ba. "Ka san in ka rufe yatsun nan, shi ke nan?"

"Miƙo kafin in sake shawara."

Ya miƙa. Ertie ya ɗora sandar, ya rufe masa yatsun ɗaya bayan ɗaya, yadda aka yi masa. Hannun nasa ya ɗan daɗe a kai. Ruwa na ta lasar tsakuwa. Can Seemon ya ja hanci ya ce, "Hayaƙin kwaltar nan ba kyau ga ido."

Abin da ya biyo baya, mutanen gaɓa sun daɗe suna ba da labarinsa. Seemon ya iya taken a zaune cikin 'yan kwanaki, da ƙyar da gumi. Matsalar ita ce in yana kiɗa ƙafarsa kan manta da tafiya, in yana tafiya yatsunsa su manta da kiɗa. Kullum da safe sai ka ga tsofaffi biyu suna kai da kawowa a kan yashi, ɗaya a gaba yana gurza, ɗaya a baya yana masifa, tumakin da suka sauko cin ciyawar teku suna watsewa.

"Kada ka waiwayo!"

"To ta yaya zan san kana nan?"

"Ba ka jin ina zaginka?"

Dogon jan ne ya fi ba su wuya. Ertie yakan juya sanda a ƙarshenta ba a ji ba, kamar mai juya kwale-kwale a ruwa mai kwanciya. Seemon kuwa in sandarsa ta ƙare sai ta yi gargada kafin ta dawo.

"Wai me kake yi a wurin nan ne?" ya tambaya wata rana, ya gaji. "Ƙirga kake?"

"A'a."

"To ta yaya zan san ya isa?"

Ertie ya dubi teku. "Saurare nake. In na ji ta tashi, sai in wuce."

Seemon ya ɗaga sandar ya sake gwadawa. Daga saman gaɓa, a bakin ƙofa, wani farin abu yana motsi a cinyar Osla. Ta fito da saƙar.

Aka yi auren ranar Alhamis, wata na girma, kamar yadda ake yi. An kwana ana ruwa, amma gari ya waye tas, da sanyi mai shiga haƙori. Mai bindiga ya harba, Seemon ya shiga gaba da sabuwar hula, wuyansa a sandare kamar an ɗaure shi da itace. Ertie ya miƙa wa Osla hannu, ta saƙala nata. Farin mayafin yana kafaɗarta, gefensa ya cika.

Ba su yi nisa a hanyar tudu ba ta ce, "Daina."

"Me na yi?"

"Yatsunka. Kaɗa ni kake tun daga ƙofa. Ni ba goge ba ce."

Ya duba, ashe yatsunsa na hagu suna bin taken a kan damtsenta. Ya tsayar da su. Bayan ɗan lokaci suka koma. Ta ƙyale su.

Ya ga abubuwan da bai taɓa gani ba a wannan hanya, don da can tsirkiya kawai yake gani da ƙasar gabansa. Ya ga hayaƙin gidaje yana kwanciya gefe guda. Ya ga ƙeyar Seemon, ja wur, gumi na gangarowa cikin wannan sanyi. "Ashe haka take," ya ce.

"Taka ta fi kyau," in ji Osla. "Kaɗan."

Aka ɗaura aure, aka fito, aka kama hanyar rafi. Tun daga nesa Ertie ya ji ƙarar ruwan ta fi ta kullum. Duwatsun suna nan a sama, amma ruwa na lasar gefensu. Ga shi kuma bai taɓa yarda Seemon ya gwada tsallakewa da goge ba sai in ruwa ya janye. Seemon ya iso bakin rafin, ya dubi dutsen farko. Bai ko rage tafiya ba. Ya bar duwatsun a damarsa ya faɗa cikin ruwan da takalmansa na coci, har gwiwa, goge a sama, yana kiɗa yana haki, ya fita a ɗaya gaɓar wando na zuba. Jama'a suka kwashe da dariya a baya. Kiɗan bai yanke ba. Yana taka tsakuwa taken ya iso gaɓa ta biyu, yatsansa ya tsaya, ya soma ja.

Ertie ya hau dutsen farko, ya juyo, ya kama hannayenta biyu. Da baya da baya yake tafiya, ita tana binsa, tana sa ƙafa inda ya ɗauke tasa. Hannayenta sun fi yadda ya zata sauƙi, fatar yatsun ta yi kanta saboda allura. Suka iso babban dutsen tsakiya, wanda ke ɗaukar mutum biyu in sun matsu. Nan ta tsaya.

"Taho," ya ce ƙasa-ƙasa. Kunnensa yana wajen Seemon. Sautin ya soma rawa, sandar ta kusa ƙarshe.

"Dakata. Wancan karon ban samu na duba wurin ba."

"Osla, sandarsa za ta ƙare."

"Ta ƙare."

"In ya yanke fa? Auren Mirren ne."

Gaɓar ba nisa. Tsalle biyu irin nasa ya isa, ya karɓe gogen kafin sautin ya mutu, ƙafarsa har ta ɗaga da kanta. Osla ba ta riƙe shi ba. Ta ma sassauta yatsunta, tana dubansa kawai, ido cikin ido, abin da ba su taɓa yi ba a kan wannan hanya. Ya mayar da ƙafar. Ya ƙara damƙe hannayen.

Sandar Seemon ta kai ƙarshe. Sautin ya sarƙe, ya yi tuntuɓe, kamar zai faɗi. Sai ya kama, ya dawo, da kaushi amma da rai, ya ci gaba da ja.

Osla ta dubi ruwan da ke wucewa ta gefen takalmanta, ruwan fadama mai launin shayi, ta dubi sama inda rafin ya fito daga tsakanin tuddai, ta dubi ƙasa inda ya shiga teku. Mirren da angonta suna tsaye a bakin ruwa suna jira, ba wanda ya ce a yi sauri.

"Ashe ba zurfi," ta ce. "To mu je."

Da ta taka tsakuwa ta ɗaga murya. "Seemon Halcrow! Wuce, na iso. A bushe."

Kafaɗun Seemon suka sauka, taken ya ci gaba. Bai waiwayo ba, amma sun ji shi yana cewa ta saman gogen, "Yanzu kun san wanda ya jiƙe!"

A rumbu da yamma Ertie ya yi rawar farko ta rayuwarsa. Mutumin da ya kaɗa wa tsibiri guda rawa, ashe bai san inda ake sa ƙafa ba. Ya taka ƙafar Osla ya fi a ƙirga. Ta ce da ta san haka ne da ta bar shi a kan akwatinsa, amma ba ta sake shi ba har aka canza kiɗa.

Da bazara aka ɗora gadar. Seemon ya raka aure na wasu shekaru, yana bi ta kan gada da busassun takalma, kuma bai taɓa iya juya sanda ba tare da wannan gargadar ba. Da nasa ƙarfin ya ƙare ya rufe yatsun mijin Mirren a kan sandar, shi kuma ya koya yadda ya ji, da jan da tuntuɓen duka. Daga gidansu ne sunan Taken Osla ya fito, ya bi samari cikin jirage har inda ba a san rafin ba.

Ertie bai sake sa taken a goge ba, ko a ɗaka. Yakan kaɗa wasu, na rawa, in hunturu ya yi tsawo. In ana aure sai su fito da kujeru bakin ƙofa, shi da ita, su saurari jerin yana saukowa daga tudu. Duk sanda aka zo tuntuɓen sai ya yamutse fuska.

"Ba haka yake ba. Sai na gaya wa yaron nan ya gyara."

"Ba abin da za ka gaya masa."

"Kuskure ne, Osla."

"Na sani," takan ce, allura na tafiya. "Ina wurin aka yi shi. Matso da kujerarka, iska na shigowa ta tsakaninmu."